Jinkirin PlayStation 3 a 2006: makarar fitowa ce ta cutar da masu hannun jarin Sony, ko tsadar ƙera na'urar?

Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Malaminmu na darasin hada-hadar kuɗi ya ba mu aikin nazarin yadda hasashe da jita-jita ke taɓa farashin hannun jari, ni kuma na zaɓi labarin PlayStation 3 saboda na'ura ce da yawancinmu muka sani. Ga abin da na tattara. A watan Fabrairun 2006 masu nazari na kamfanin hada-hadar kuɗi na Merrill Lynch suka fitar da rahoton da ya ce na'urar ba za ta fito a bazarar shekarar ba kamar yadda kamfanin Sony ya yi alkawari, za ta iya makara da wata 6 zuwa 12, kuma kuɗin ƙera kowace guda zai kai dala 900. Ranar Litinin 20 ga Fabrairu hannun jarin Sony ya faɗi da kashi 3.6 cikin ɗari a kasuwar Tokyo. Ba a cika wata guda ba, ranar 15 ga Maris, Ken Kutaragi, shugaban sashen wasanni na kamfanin, ya fito ya tabbatar cewa an ɗage fitowar zuwa Nuwamba. Tambayata ita ce, a cikin abubuwa biyun nan da rahoton ya ambata, wanne ne ya fi yi wa masu hannun jari illa, makarar ko tsadar ƙerawa? Ni dai hankalina ya fi karkata ga makarar, amma ina son jin ta bakin waɗanda suka fi ni sanin harkar.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Nasiru. Ka zaɓi misali mai kyau, sai dai zan ja hankalinka ga abu biyu kafin ka gina aikinka a kan faɗuwar rana guda. Na farko, lissafin dala 900 ɗin nan yana da kuskure a cikinsa. Mutanen da suka zauna suka haɗa farashin kayayyakin da rahoton ya jera ɗaya bayan ɗaya sun tarar jimillar tana wajen dala 800 ne, kuma mafi tsada a ciki su ne na'urar karanta faifan Blu-ray da aka yi wa kuɗi dala 350, da Cell, babbar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin na'urar, da aka yi wa dala 230. To amma ko da an gyara kuskuren, maganar ba ta sauya ba, domin dala 800 ma ta zarce abin da za a iya sayar da na'urar wasa nesa ba kusa ba, a lokacin da abokiyar hamayyarta Xbox 360 ta Microsoft ke kasuwa a kan dala 299 da 399.

Na biyu, faɗuwar kashi 3.6 a rana ɗaya tsoro ne na 'yan kasuwa, kuma tsoro yakan tafi kamar yadda ya zo. Idan kana son ganin ainihin abin da ya samu masu hannun jari, ka duba rahoton kuɗin kamfanin na shekarar da ta ƙare a Maris 2007. Sashen wasanni, wanda ya ci ribar yen biliyan 8.7 a shekarar da ta gabata, ya tafka asarar yen biliyan 232.3. Shekarar da ta biyo baya ya sake yin asarar yen biliyan 124.5, ta bayanta kuma 58.5. Makarar wata bakwai ko takwas ba ta isa ta haifar da asarar shekara uku a jere ba. Abin da ke haifar da irin wannan shi ne sayar da kaya ƙasa da kuɗin da aka kashe wajen yinsa, ta yadda duk cinikin da aka yi ƙarin rami ne.

Zainab:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma da izininku ban yarda a raina makarar haka ba. Microsoft ya fitar da Xbox 360 ranar 22 ga Nuwamba 2005, PlayStation 3 kuwa sai 11 ga Nuwamba 2006 ta fito a Japan, 17 ga wata a Amurka. Shekara guda cur ke nan abokin hamayya yana cin kasuwa shi kaɗai, kuma zuwa ƙarshen 2006 Microsoft ya ce ya fitar da na'ura miliyan 10.4. Turai kuma, inda PlayStation 2 ta fi ƙarfi, an sake ɗage musu har zuwa 23 ga Maris 2007, wato sun rasa cinikin Kirsimeti baki ɗaya.

Illar wannan ba a na'urorin da ba a sayar ba kawai take. Kamfanonin da ke yin wasanni suna bin inda jama'a suke ne. A zamanin PlayStation 2 jerin wasannin Grand Theft Auto a wurinta suke fara fitowa kafin su isa Xbox, amma na huɗun ya fito a na'urorin biyu rana ɗaya a Afrilun 2008. Devil May Cry 4 da Final Fantasy XIII, waɗanda aka ɗauka na Sony ne shi kaɗai, duk sun je Xbox 360. Da a ce PlayStation 3 ta fito a bazarar 2006 tazarar ba za ta kai haka ba, kuma la'adar da Sony ke karɓa a kan kowane faifan wasa da ta fi yawa. Wannan asara ce da ba a rubuta ta a rahoton shekara, amma masu hannun jari ne suka ɗauke ta.

Bashir mai gyara:
Ni ba ɗan boko ba ne a harkar hannun jari, amma na buɗe irin wannan na'ura fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma ina ganin raba makarar da tsadar kamar raba hanta da jini ne, tushensu ɗaya. Bari in gaya muku abin da mutum ke gani idan ya kwance ta farkon, mai gigabait 60, wadda muke kira mai ƙiba.

Tun kafin ka kwance kusa ko ɗaya nauyinta zai gaya maka wani abu, domin tana kai kilo 5. Idan ka zare murfin sama, abin da za ka fara tararwa shi ne akwatin wutar da ke cikinta, ba a waje ba kamar na Xbox 360, sai na'urar faifai a gefensa. Ƙarƙashinsu akwai fanka guda mai faɗin tafin hannun babban mutum, da ƙarfen sanyaya da bututun tagulla suka ratsa. Idan ka ɗaga wannan ka kai ga allon, za ka ga manyan ƙwaƙwale guda biyu masu murfin ƙarfe suna kallon juna, ɗaya Cell, ɗaya RSX ta kamfanin Nvidia mai kula da hoto. Sannan a gefe akwai wata ta uku, wadda ita ce zuciyar PlayStation 2 sukutum, an dasa ta a ciki domin tsofaffin faifai su yi aiki. Wato mai saye yana samun na'ura biyu a kwali ɗaya. Ka ƙara da ramukan USB huɗu, da wuraren saka katin ajiya iri uku, da Wi-Fi, da Bluetooth, da HDMI. Duk lokacin da na shimfiɗa waɗannan a kan teburina nakan ce wa yaran shagona, wanda ya tsara wannan injiniya ne da aka sakar wa mara, babu wanda ya riƙe masa aljihu.

Kamfanin iSuppli ya kwance ta a Nuwamban 2006 ya yi wa kayan kuɗi. Mai gigabait 20 ta kama dala 805.85, ana sayar da ita 499, mai 60 kuma dala 840.35, ana sayar da ita 599. Ka ga asarar sama da dala 300 a ƙaramar, sama da 240 a babbar, kuma ba a saka kuɗin kwali da wayoyi da abin riƙewa a lissafin ba. Hasashen dala 800 da Malam ya ambata ashe bai yi nisa da gaskiya ba.

Nasiru:
Yaya Bashir, na gode, wannan bayani ya buɗe mini ido. Amma ka ce tushen makarar da na tsadar ɗaya ne, kuma ban ga inda suka haɗu ba tukuna. Kutaragi a watan Maris ya danganta ɗagewar da rashin kammala tsarin kare faifan Blu-ray daga kwafi. Wannan ai batun yarjejeniya ne tsakanin kamfanoni, ba batun kuɗin kaya ba.

Bashir mai gyara:
Ƙanena, Blu-ray ɗin ne mahaɗar. Ɗagewar farko saboda tsarin kariyarsa ce, ɗagewa ta biyu da ta samu Turai kuma saboda idonsa ce. Faifan DVD jan haske ke karanta shi, shi kuwa Blu-ray shuɗin haske ne mai siririn tsini, shi ya sa yake ɗaukar gigabait 25 a shimfiɗa ɗaya inda DVD ke ɗaukar 4.7. Ɗan ƙaramin abin da ke fitar da wannan haske yana da wuyar ƙerawa a lokacin, kuma a farkon Satumban 2006 Sony ya amsa cewa bai samu adadin da yake buƙata ba. Dalili ke nan da aka rage kayan ƙarshen shekara daga miliyan 4 zuwa miliyan 2, aka ware wa Amurka dubu 400 na ranar farko, Japan dubu 100, daga baya ma aka rage na Japan zuwa dubu 80. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kuma abin da ya fi tsada a cikin na'urar.

Cell ma haka take. Sony da Toshiba da IBM suka haɗu tun 2001 a Austin ta jihar Texas suna tsara ta. Tana da ƙananan ma'aikata takwas a cikinta, amma a PlayStation 3 an kashe ɗaya da gangan, domin idan ɗaya ya fito da lahani a masana'anta ba sai an zubar da ƙwaƙwalwar duka ba. Wanda ya yi wannan dabara ka san yana fama da yawan kayan da ke lalacewa a wurin ƙerawa, kuma kuɗin duk wadda aka zubar a kan wadda ta yi kyau yake komawa.

Hajiya Rabi:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina so in yi magana a matsayin wadda ke sayen hannun jari, ko da yake ni a kasuwarmu ta gida nake saye. Mai hannun jarin Sony ba sashen wasanni ya saya ba, kamfanin ya saya gaba ɗayansa, da talabijin ɗinsa, da kyamarorinsa, da fina-finansa, da inshorarsa. A shekarar da Malam Habibu ya ce sashen wasanni ya yi asarar yen biliyan 232.3, kamfanin a dunƙule ribar yen biliyan 126.3 ya bayyana, kuma a shekarar da ta biyo baya ribar ta haura zuwa biliyan 369.4. Saboda haka mai hannun jari bai wayi gari ya ga jarinsa ya narke ba.

Sannan akwai abin da aka saya da wannan asara. A lokacin ana fafatawa tsakanin Blu-ray na su Sony da HD DVD na Toshiba. Na'urar kallon Blu-ray ta farko da Samsung ya fitar a tsakiyar 2006 dala 999 ce, ta HD DVD kuwa 499. Da PlayStation 3 ta zo a 499 da 599, sai ta zama hanya mafi sauƙi ta mallakar Blu-ray, kuma kowane gida da ta shiga ya zama mai sayen faifansa. A Janairun 2008 kamfanin fina-finai na Warner Bros ya koma Blu-ray kacokan, ranar 19 ga Fabrairu kuma Toshiba ya sanar ya haƙura. Sony bai manta yadda kaset ɗin bidiyonsa na Betamax ya sha kaye a hannun VHS ba. Ni a ganina shugabannin sun san abin da suke yi, sun ɗauki asara a shago ɗaya domin su kama kasuwa a wani shagon, kuma ɗan kasuwa ba ya kiran wannan faɗuwa sai ya ga ƙarshen lissafi.

Malam Habibu:
Hajiya, maganarki tana da nauyi, kuma gaskiya ne cewa sauran sassan sun rufa wa kamfanin asiri. Amma ki duba ribar aiki ta wannan shekarar, ba ribar ƙarshe kaɗai ba. Ta sauko zuwa yen biliyan 71.8, faɗuwar da ta haura kashi 68 cikin ɗari. Wani ɓangare na wannan daga janye baturan kwamfutocin hannu ne, wanda ya ci wa kamfanin kusan yen biliyan 51 a shekarar, amma asarar sashen wasanni ta ninka wannan fiye da sau huɗu. Ribar da masu talabijin da kyamara suka wahala suka kawo, wadda da za ta iya zuwa hannun masu jari ko ta shiga wani sabon aiki, ita ce ta tafi cike ramin.

Game da nasarar Blu-ray kuwa, ba a nan gizo ke saƙar ba. An ci yaƙin, amma ganimar ba ta kai yadda aka yi tsammani ba, domin a 2007 Netflix ya fara tura fina-finai ta intanet, kuma cikin 'yan shekaru jama'a suka fara barin faifai. Kuɗin lasisin Blu-ray ma ba Sony kaɗai ke karɓa ba, ana raba shi ne da sauran kamfanonin da ke da haƙƙin fasaha a ciki, irin su Panasonic da Philips.

Kuma ki lura da abin da kamfanin da kansa ya aikata, domin aiki ya fi magana nuna abin da ke zuciya. Ranar 30 ga Nuwamba 2006, mako uku ma ba a yi da fitowar na'urar ba, aka ɗauke Kutaragi daga kujerar gudanarwa ta yau da kullum aka ɗora Kazuo Hirai, kuma a Yunin 2007 Kutaragi ya ajiye aiki. Wannan mutumin da ake kira uban PlayStation ke nan. Bayan haka, a ƙarƙashin Howard Stringer, shugaban Sony na lokacin, aka sayar wa Toshiba layukan ƙera Cell da ke Nagasaki a kan kusan yen biliyan 90. Kamfanin da ya gamsu cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba ya yin haka.

Mustapha:
Ina da gidan gem shekara da shekaru, kuma akwai abin da nake ganin ba a taɓo ba. Dabarar sayar da na'ura a kan asara ta dogara ne da zato ɗaya, cewa wanda ya saya zai riƙa sayen sababbin faifai, kamfani yana karɓar kasonsa a kan kowanne har asarar ta rufe. Idan asarar dala 50 ce, wasa kaɗan ya isa. Idan ta kai dala 300, sai mutum ya sayi tulin wasanni kafin a dawo da uwar kuɗi, kuma ba kowa ke yin haka ba. Ku dubi irin namu. Na'urorin da ke gidajen gem a nan yawancinsu na hannu ne da aka shigo da su, kuma yara wasan ƙwallo kawai suke nema daga safe har dare. Na'ura ɗaya za ta yi shekaru tana aiki ba tare da kamfanin ya sake ganin ko kwabo daga gare ta ba.

Misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne na rundunar sojin saman Amurka, wadda a 2010 ta haɗa PlayStation 3 guda 1,760 ta mayar da su babbar kwamfutar bincike, saboda ƙarfin Cell a wannan farashi ya fi abin da za ta samu a wani wuri araha. Waɗannan na'urori ba za a taɓa saka musu faifan wasa ba. Haka wanda ya saye ta don kallon fim kawai. Duk rangwamen da aka yi musu daga aljihun mai hannun jari ya fito.

Zainab:
Na ji hujjojinku, kuma na yarda tsadar ta fi yadda na ɗauka nauyi. Amma har yanzu ina riƙe da cewa makarar ce ta hana Sony damar sa farashin da zai rage masa asara. Da shi ya fara fitowa, da jama'a ba su da abin gwadawa. Da yake ya zo a baya, sai ranar da aka faɗi dala 599 a taron baje kolin wasanni na E3 na Mayun 2006 kowa ya ɗora ta a kan 399 na Xbox 360. A Japan ma tun kafin na'urar ta fito, a watan Satumba, sai da aka rage farashin ƙaramar daga yen 62,790 zuwa 49,980, aka kuma ƙara mata HDMI da ba ta da shi a tsarin farko. Rage farashin kayan da ba a fara sayarwa ba alama ce ta wanda aka riga shi kasuwa.

Bashir mai gyara:
Zainab, gaggawar ma tana da nata kuɗin, kuma Microsoft ya biya shi. Xbox 360 ta farko ta yi fama da matsalar nan ta jajayen fitilu uku masu nuna na'urar ta lalace, har a Yulin 2007 kamfanin ya tsawaita garanti zuwa shekara uku, ya ware sama da dala biliyan 1 domin gyara da musanya. Da Sony ya tilasta fitowa a bazarar 2006 alhali tsarin faifan bai kammala ba, idon karatun ma babu shi da yawa, to da ya fitar da na'ura kaɗan mai tsadar da ta fi wadda muka gani, domin kayan lantarki kullum sun fi tsada a farkon ƙerawa. A lissafina makarar ma rage masa asara ta yi a kan kowace na'ura.

Hajiya Rabi:
Wannan batu na Bashir ya sa na sake tunani, kuma ya tuna mini da na ukunsu da ba mu ambata ba. Nintendo ya fitar da Wii ranar 19 ga Nuwamba 2006 a Amurka, kwana biyu bayan PlayStation 3, wato shi ma ya makara da shekara guda a bayan Microsoft. Amma ya yi amfani da fasahar da ta riga ta yi araha, ya sa dala 249.99, kuma ba a kan asara yake sayarwa ba. Wii ta haura miliyan 101, PlayStation 3 ta tsaya a wajen miliyan 87, Xbox 360 kuma wajen 84. Idan makara ce ke kashe kasuwa, da Wii ba ta wuce su duka ba. Na sauko daga rabin matsayina, Malam. Sai dai ina nan a kan cewa wanda ya yi haƙuri da hannun jarinsa ya ga na'urar ta kamo abokiyar hamayyarta daga baya, kuma tsarin PlayStation Network na wasa da sayen wasanni ta intanet da aka fara a kanta shi ne ya zama babbar hanyar samun kuɗin sashen a shekarun da suka biyo.

Nasiru:
Malam, sauran abu ɗaya da ya shafi ainihin aikin da aka ba ni. Shin masu nazarin da suka fitar da rahoton Fabrairu sun yi wa masu hannun jari adalci? Sun yi kuskuren dala 100 a lissafi, kamfanin bai riga ya faɗi farashi ba, amma maganarsu ta zubar da darajar jarin mutane a rana ɗaya. Ina jin kamar akwai zalunci a ce hasashe ya yi wannan tasiri.

Malam Habibu:
Ka duba abin da kamfanin ke faɗa a wannan makon kafin ka yanke hukunci. Sony ya ci gaba da cewa bazara yake nufa, tare da ɗan sharaɗin cewa rashin kammala ƙa'idojin Blu-ray na iya tura ranar gaba. To amma a tsakiyar Fabrairu babu farashi, babu ranar fitowa, babu na'urar da aka ba jama'a su taɓa, kuma duk wanda ya san harkar ya san ba a fitar da irin wannan kaya cikin wata biyu a haka. Masu nazarin sun faɗi abin da alamu suka nuna, kuma a manyan batutuwan biyu sun dace: na'urar ta makara da kusan abin da suka ce, kuɗin ƙera ta kuma ya faɗo kusa da jimillar kayan da suka jera. Kuskuren haɗa lissafin abin zargi ne, kuma ya kamata ka rubuta shi a aikinka ƙarara. Amma mai hannun jarin da ya ji labarin a Fabrairu ya fi wanda ya jira sanarwar Maris samun damar yanke shawara.

Idan kana son abin gwadawa, ka ɗauki kamfanin wasanni na Valve. A ƙarshen 2021 ya ɗage fitowar na'urarsa ta wasa Steam Deck daga Disamba zuwa Fabrairun 2022 saboda ƙarancin kayan haɗi, kuma babu farashin hannun jarin da ya motsa, domin kamfanin ba ya kasuwar hannun jari. Sony kuwa yana da dubban masu jari da suke bin sa bashin bayani, kuma duk lokacin da kamfani irin wannan ya yi jinkirin faɗin abin da ya sani, wasu ne za su faɗa a madadinsa, da daidai da kuskurensu. Ka sa wannan gwaji a babin da kake magana a kan bayyana gaskiya ga masu jari.

Mustapha:
Yaya Bashir, tunda kai ke buɗe su, a wane lokaci ne aka fara zare kayan nan da ka lissafa? Domin waɗanda ke shagona sirara ne, kuma faifan PlayStation 2 ba ya aiki a kansu.

Bashir mai gyara:
Tun ba a yi nisa ba aka fara. Wadda aka kai Turai a Maris 2007 an riga an cire mata rabin kayan PlayStation 2, an mayar da aikin ga manhaja. A ƙarshen 2007 aka fitar da mai gigabait 40 a kan dala 399, ita kuma an zare mata sauran gaba ɗaya, ramukan USB suka koma biyu, wuraren katin ajiya suka tafi, Cell ɗin ma aka ƙanƙanta ta daga nanomita 90 zuwa 65. Irin taka siririyar a Satumban 2009 ta fito a kan dala 299, da Cell mai nanomita 45, nauyinta kilo 3 da ɗan ɗori, kuma za ka ga bambancin a man janaretonka domin ba ta jan wuta kamar ta farko. Da aka zo PlayStation 4 a Nuwamban 2013, an bar Cell kwata-kwata, aka ɗauki ƙwaƙwalwar AMD irin ta kwamfuta, aka sa dala 399, kuma masu kwance kaya na IHS suka yi mata kuɗin ƙerawa dala 381. Nasiru, ina da allon mai ƙiba da na siririya a shago. Gobe in Allah ya kai mu zan jera su gefe da gefe in ɗauko hoto in sa a nan, in yi maka alama a kan gurbin da ƙwaƙwalwar PlayStation 2 take a na farkon, sai ka haɗa da aikinka.